Gonar Yaya Bawa da Littafin Ba'indiye

Tun da na dawo kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce, "Hashimu, mi ka gano Faranshi?" Wancan ya ce an gan ni da sassafe tsaye da ƙafa guda kamar zalɓe, wai na kwaso iska a hanya. Alhaji Mani mahauci ma har rantsuwa ya yi, wai ya leƙo ta katanga ya tarar da ni shimfiɗe kan tabarma ba motsi, saura kaɗan ya tafi kiran liman. To ku gyara zama in faɗa maku sau ɗaya kowa ya huta. In dariya kunka zo nema ku ɗebi 'yar wadda ke ciki, don ba ta da yawa.

Kun san shekara biyu na yi ina jan jif ɗin masu awon ƙasa lokacin da aikin dam ya iso wajenmu. Wanda nake ɗauka wani Ba'indiye ne, safiyo, Mista Gofal, siriri mai tabarau. Ni ne direba, ni ne mai riƙe sandar awo, ni ne tafinta, da ɗan Turancin da na tsinta a tashoshin Legas da Kumasi. Aikinmu mu shiga gona ya auna, ya rubuta sunan mai ita, kafin katafila ta zo ta baje komai a haƙa hanyoyin ruwa. An ce in an gama za a mayar wa kowa kwatankwacin abin da ke rubuce da sunansa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ranar da munka iso fadamar wana, Yaya Bawa, can bayan Bakura. Tun kakanmu take hannunmu. A shekarar Yaya yana jinyar kurkunu, ƙafa ta kumbura, sai ya ba surukina aronta don kada ciyawa ta cinye ta. Mahaifin mai ɗakina ke nan, Allah ya jiƙansa, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa ba. Munka tarar da tsohon duƙe cikin dankali. Gofal ya ce in tambaye shi wa ke noma nan. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi, na yi tambayar ido a ƙasa. Ya ce, "Ni na." Kuma gaskiya ya faɗa, shi ke noma. Anka tambayi suna, ya faɗa da kansa, biro ya rubuta.

Ina durƙushe a wurin. Kalma uku ta ishe ni: ta wana ce. To wa zai ɗaga murya ya gyara wa surukinsa zance a gaban baƙo? Na ce a raina ai duk ƙauye an sani, ga gamba a iyaka, ga giginya biyu da kakanmu ya bari. Sai da munka koma mota na gaya wa Gofal. Ya ce to, ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihu ya yi ɗan rubutu da fensir, munka wuce.

Katafila ta zo, ba gamba ba giginya. Damina biyu an hana shuka. Tsohon ya rasu. Da anka manna sunaye a ofis don rabon filaye, na Yaya babu, na tsohon na nan, kuma 'ya'yansa, ƙannen matata, sunka ce su takarda sunka sani. Akawun ofis ya ce in kawo shaida daga hannun wanda ya yi awon kafin ranar rabo, saura kwana ashirin. Gofal kuwa ya gama nasa tuntuni, an ce yana wajen Ƙonni yana auna wa mutanen Faranshi, wato Nijar, tasu ƙasar. Na je na gaya wa Yaya zan bi shi. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanyar da ba ta da gonar shiga. Bai ɗago ba, ya ce, "Allah shi tsare hanya."

Daga Talata Mafara na hau bayan gingimari zuwa Sakkwato. Ni da na saba zama gaba da sitiyari, ranar na ɗanɗani abin da muke yi wa na baya, kuma na nemi gafarar duk wanda na taɓa jefa wa mota cikin rami. Kusa da ni wani dattijo ne, Malam Jaɓɓi, daga ƙauyukan Maradun waɗanda ruwa ya ci. Kayansa duka buta da tabarma da ƙyauren ɗaki, na katako, baƙi wuluk don tsufa. Ya rungume shi kamar a ce za a ƙwace.

Na ce, "Baba, ga ƙyaure, ina ɗakin?"

Ya ce, "Ɗakin na nan, kifi na haya. Wanga dai ubana ya sassaƙa shi, ba su samun shi."

Wajen ɗiyarsa za shi, tana aure a bayan Ƙonni. Tare munka kwana a tashar Sakkwato, shi a kan ƙyaurensa ni a ƙasa, tare munka ɗauki hanyar Illela.

Na tsallake iyaka ba sau ɗaya ba, amma har yau ban saba da zandarmomin can ba. Namu in sun tsare ka, kai ka sani su sun sani, a ɗan yi raha a wuce. Na can ba su dariya, kuma takarda suke so, ta allura daban, ta shaida daban. Wanda ya tare mu ga zanen Gobirawa raɗau a kumatunsa, amma Faransanci yake zuba mana kamar a Paris anka yanke cibiyarsa. Ya zagaya ƙyauren nan sau uku, ya buɗe wani ƙaton littafi yana neman inda ƙyaure ya faɗa cikin kayan da ake biya wa kuɗin fito. Ya sa anka tambaya ko na sayarwa ne.

Malam Jaɓɓi ya ce, "In ya samu mai saye, shi haɗa mai da garin duka, rahusa."

Awa biyu muna rana. Can dai mutumin ya rufe littafin, ya matso, ya yi ƙasa da murya, sai ga Hausa ta fito tsaf. "Baba, ruwan dam ɗin nan ne?"

"Shi na."

Zandarman ya ajiye littafin. Da hannunsa ya kama gefe guda na ƙyauren anka ɗora wa tsohon a kai. Nan munka rabu da Malam Jaɓɓi, ban sake ganinsa ba.

A Ƙonni na sauka gidan wani dillalin shanu da na sani tun ina jigila. Ya karɓe ni da fura, da rana fura, da yamma ma fura, mutanen can in ba ka yi hankali ba da ita za su yi maka wanka. Da safe kuma burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya yanke mani dasashi. Na samu wurin aikin ruwan nasu, mai gadi ya ce, "Ba'indiye mai tsayawa da ka? Ai wata uku ke nan da anka mai da shi bakin kogi, gaba da Yamai, wajen gonakin shinkafa." Na lissafa kwanakina a yatsu, na ga in na koma hannu banza ba ni da fuskar da zan kalli Yaya. Na hau motar albasa.

Wannan hanya, Allah ya isa. Kan buhuna muke, rana sama, warin albasa ƙasa. Kowane gari akwai shinge, kowa ya sauko a yi layi da kati a hannu kamar 'yan fursuna. A Dogon Dutsi mota ta mutu, munka kwana biyu ana jiran wani ƙarfe. Direban ya ƙi jin shawarata, wai fasinja ba ya koya wa direba aiki, abin da ni ma na sha faɗa wa mutane. Kafin mu kai Dosso bayana ya riƙe, daga ƙugu har wuya kamar an zura mani tabarya. A Yamai da zaune na yi salla. Zabarmanci kuwa "fofo", sannunsu ke nan, kaɗai na koya, da ita na sayi abinci, da ita na nemi hanya, da ita na ba da haƙuri lokacin da na taka ƙafar wata mai kifi.

Kwana bakwai da barin gida na iso. Wani ɗan gida ne na kwano a bakin gonaki, ga Gofal a ƙofa yana shanya safa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Hashimu! Kai ne? Me ya karya ka haka? Me ya kawo ka?"

Na ce, "Gaisuwa."

Ku kun san amsar ke nan. Baƙo ba ya sauke buƙatarsa tare da jakarsa. Da Bahaushe ne, zai bari in ci in sha, ya sake tambaya, in sake cewa gaisuwa, ya ce a'a dai, sannan a na uku in fito da zance. Wa zai yi mako a kan buhun albasa don gaisuwa? To bawan Allah nan ya yarda! Har idonsa ya kawo ruwa, ya riƙe hannuna ya ce duk Najeriya ba wanda ya tuna da shi sai ni. Daga nan bai sake tambaya ba. Ni kuma yaya zan yi in ce masa a'a, ba don kai na zo ba?

Sai ya sa bayana a gaba. Shekara biyu ina ganinsa kowace safiya yana lanƙwashe-lanƙwashensa a gindin mota, ina yi masa dariya, ina ce masa wata rana zai ƙulle a rasa mai kwancewa. Yoga yake ce wa abin. Washegari ina idar da sallar asuba ya shimfiɗa tabarma biyu. Ya fuskanci gabas ya haɗa hannu, wai a fara da gaida rana.

Na ce, "A'a, Mista. Ni wanda ya yi ranar nake gaisarwa, kuma yanzu na fito daga wurinsa."

Ya yi dariya ya ce in bar wannan, in juya duk inda na ga dama, shi bayana yake nema ba addinina ba. Ya sa na dafa ƙasa ina gantsarewa ina ƙudundunewa kamar kyanwa ta tashi barci. Ya sa na kwanta rubda ciki ina ɗaga ƙirji kamar kumurci. Ya sa na tsaya da ƙafa guda, wai itace, na faɗi sau huɗu, matan da ke wucewa da tulu sunka samu abin kallo kyauta. Na ƙarshe shi ne ka kwanta rigingine ka saki komai, shi da bakinsa ya ce kwanciyar gawa suke kiranta. Na ce wannan kam mutanenmu ba sai an koya masu ba.

Duk inda zafi ya soke ni sai in ɗauke numfashi in cije. Ya ce kuskuren ke nan. "Inda ya yi zafi kada ka gudu, kada ka yi kokawa da shi. Tsaya nan, ja iska ta hanci a hankali, sake ta a hankali. Da kansa zai ba ka hanya."

Na ce, "Mu haƙuri muke ce ma wannan, kuma tun da kunka zo ake ɗura mana shi, mun ƙoshi."

Ya dai gyara mani kafaɗa. Amma ba zan yi maku ƙarya ba, abin yana aiki. A rana ta biyu na ɗaura takalmi da kaina, a ta uku na yi ruku'u.

Abincinsa ne dai jarrabawa. Wasu ƙananan wake da ya dafa har sunka narke, da gurasa sirara kamar takarda, da kindirmo, da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Nama ko ƙanshinsa babu. Ni jikan mahauta ta wajen uwa! Da la'asar sai in ce zan je miƙe ƙafa, in zagaya bakin kogi wajen mai tsire. In na dawo ya shinshina ya ce, "Iskar kogin nan akwai ƙuli-ƙuli."

A safiya ta uku ina kwance cikin kwanciyar gawar nan, an ce in saki komai in daina tunani, sai lissafi ya zo mani. Goma sun tafi, goma sun rage, hanya kuma ta ci bakwai. Na tashi zaune na faɗa masa komai, tun daga dankalin tsohon har akawun ofis.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. "Kwana uku kana nan kana tsayawa da ƙafa guda, gonar ɗan'uwanka tana tafiya? Me ya hana ka faɗa ranar da ka zo? Me ma ya hana ka faɗa a gonar?"

Na ce, "Surukina ne."

"To sai me?"

Na rasa ta inda zan fara. Yaya za ka bayyana wa mutum kunya in ba a haife shi cikinta ba? Na ce masa dai kamar yadda shi ba ya iya sa nama a baki, haka ni ban iya ba.

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe. Littattafan awo manya duk ya bar su a ofis, amma ƙananan na aljihu yana tara su, an ɗaure da roba. Ya fi awa yana buɗawa. Can ya tsaya, ya karkata shafi wajen haske. Fensirin ya kusa gogewa, amma ga lambar gonar, ga rubutu a gefe: direba ya ce ta wansa ce, a bincika.

Na ce, "An bincika?"

Ya ce, "Na manta. Ranar gona arba'in munka auna."

Ya zauna ya rubuta takarda mai kyau, ya sa hannu, ya yage shafin ya haɗa. Yana naɗewa yake gaya mani wai su ma garin ubansa yana ƙarƙashin ruwa, dam anka yi yana yaro, tsohon har ya mutu bai daina cewa gobe zai koma ba. Wai shi ya koya masa yogar, a sansanin da anka zuba su.

Na ce, "Kai da ka san zafin abin, ka tsallako teku ka yi mana?"

Ya ce, "Aikin da na iya ke nan, Hashimu. Kai ma ai kai ka riƙe sandar."

Na karɓi takarda na sa a aljihun ciki.

Dawowa kwana shida, ba zan gajiyar da ku ba. Duk shingen da anka sauke mu, in sun shiga layi ni sai in dafa mota in yi miƙar kyanwa. Wani zandarma ya tambaya ko lafiya, anka ce masa ɗan Najeriya ne, ya gyaɗa kai kamar an gama bayani.

Na iso saura kwana huɗu rabo. Mai ɗakina ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, ta yi mani sannu da hanya, ba ta tambaye ni komai ba. Idonta a kumbure. A bayan ƙofa na ga ƙunshin kayanta a ɗaure. Ashe ƙannenta sun aiko, ranar da takarda ta shiga ofis ranar za su zo su ɗauki 'yar'uwarsu. Shekara goma sha tara muna tare, 'ya'ya biyar. Na ci tuwon, ban san ɗanɗanonsa ba, na wuce Bakura.

Yaya yana zaure. Munka gaisa yadda ya kamata, gajiya, hanya, mutanen can. Sannan na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta, ya sake juyawa, shi ba ya karanta boko.

"Mi ta ce?"

"Ta ce gonar taka ce, aro ka ba da."

"Wato a tashi gaban jama'a a ce mamaci ya ci amana."

"Ba haka ba ne, Yaya. Wa ke noma anka tambaye shi, ya faɗi gaskiya."

"Ni na sani, kai ka sani. Kasuwa ba haka za ta ji ba." Ya naɗe takardar ya riƙe. "Na ji an ɗaure kaya gidanka."

Na ce wannan matsalata ce, ni na ɓata ni zan gyara, ko da gidan zai watse. Har ga Allah da gaske nake. Ya dube ni, karo na farko tun da anka manna sunayen nan.

"Hashimu, kai ka kasa buɗe baki gabanai yana da rai. Ni kake so in buɗe baki kanai yana ƙasa? In raba ɗiya biyar da uwarsu don in shuka dankali?"

Na yi magiya har la'asar. Na kawo hadisi, na kawo kakanmu, na kawo nasa 'ya'yan da za su tashi ba ko taki ɗaya. Ya ce in tashi in tafi kada in rasa mota. Ranar rabo ta zo ta wuce, ba mu je ba. Ƙannen matata sunka samu fili mai kyau a bakin hanyar ruwa, na ji bana tumatir sunka sa. An kwance ƙunshin bayan ƙofa. Muna gaisawa da su a masallaci.

Talatar da ta wuce na raka Yaya tasha. Wani dillali ya sama masa rakiyar shanu zuwa Ibadan, irin waɗanda ke zama kan katako a saman mota, in saniya ta faɗi su sauka su tashe ta. Mutum mai furfura, wanda bai taɓa wuce Gusau ba. Ana loda shanu ya jawo ni gefe.

"An ce ka koyo wani abu na ciwon baya. Nuna man, an ce hanyar da nisa."

Nan cikin kashin shanu da hayaniya na nuna masa yadda zai miƙe zama, ya saki kafaɗa, ya ja iska ta hanci ya sake ta a hankali in zafi ya taso. 'Yan kamasho sunka taru suna dariya, wani ya ce 'yan gidan nan duka sun taɓu. Yaya bai kula su ba, ya yi sau uku yadda na ce, da gaske, kamar yana koyon karatu.

Direba ya danna ham. Yaya ya cire hularsa, ya zaro takardar Gofal daga ciki, ashe tun ranar tana nan. Ya sa mani a hannu ya rufe yatsuna a kai.

"Aje ta wurinka, can ruwa na iya ɓata ta. Ba ofis za ka kai ba. In ban dawo ba, ka bari yaran su girma ka karanta masu, su san ba saidawa na yi ba."

Ya kama ƙarfe ya hau.